Launin Hadari a Bazara

"Kar ka tsaya, Wajahat... don Allah kar ka tsaya, ya kusa fitowa!"

Idanun Nikhat a rufe suke. Tana durƙushe a saman soron gidansu gaban ƙaramin kaskon rini, hannu ɗaya na juya sanda, ɗayan na barbaɗa garin baba kaɗan-kaɗan. Rana ta take, iska mai zafi sai kaɗa zaren silikin da aka shanya take yi. A soron maƙwabta, bayan 'yar katangar da ba ta wuce ƙugu ba, Wajahat na zaune ya harɗe ƙafafu, gogensa sarangi jingine da kafaɗarsa, yana jan baka a hankali.

Malhar yake kaɗawa. Kiɗan damina, a tsakiyar bazara.

Sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi, kamar hadari na haɗowa daga hayin kogi. Nikhat ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta. Ta ɗiga baƙi, ta tsoma zare, ta ɗago shi yana ɗiga.

"Ga shi!" ta ce. "Wallahi ga shi! Tun makon jiya masaƙin nan yake min sintiri a kan launin hadari, na kasa..."

Wajahat ya yi murmushi bai daina ja ba.

"To ladana fa, hasken idona?"

"Wajahat!"

Bakan ya tsaya cak.

Ustad Basharat ne ya yi kiran, mahaifin Wajahat kuma malaminsa, tsaye a bakin matakala, yana haki saboda hawan bene. A bayansa Rukhsar ce, 'yar ƙanin mahaifiyar Wajahat wadda ta taso a gidan tana koyon waƙa. Ta rufe rabin fuska da mayafi kamar mai kunya, amma idanunta na kan Nikhat.

"Me kunnena yake ji?"

"Abba..."

"Wane wata muke ciki? Ɗaga kai ka nuna min hadari a sararin nan!"

"Ai ga shi can a kasko, Fufa," Rukhsar ta ce a sanyaye, haka take kiran mijin gwaggon nata. "Kullum haka ake yi in ka fita. Kiɗan asuba da la'asar, na magariba da hantsi... duk wanda 'yar marina ta zaɓa."

Tsohon ya juya ga ɗansa.

"Kakanninka a gaban sarakuna suka yi kiɗa, ba sarkin da ya isa ya sa su taɓa raga, kowane salon kiɗa, ba a lokacinta ba. Kai ka mayar da ita baiwar kaskon rini!"

Nikhat ta miƙe, ta ɗaga hannu.

"Ustad Sahab, laifina ne, ni na roƙe shi..."

"Ba da ke nake ba, yarinya. Ki wanke hannun nan kafin ki ɗaga min shi."

Ta kalli hannunta, shuɗi har cikin farce. Ta ɓoye shi a bayanta.

"Kar ka ci mata mutunci, Abba." Wajahat ya ajiye baka ya tashi. "Ita zan aura."



Ustad ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙar da yake datse tsirkiya da ita. Ya kamo wuyan hannun ɗansa, inda jan zaren nan yake, wanda malami ke ɗaura wa ɗalibi ranar da ya karɓe shi. Tun Wajahat na ƙarami yake ɗaure a wurin.

Sau ɗaya ya ja wuƙar.

"Ajiye min sarangina. Ka sauka ka bar min gida."

* * *

Duk wanda ya tashi a lungunmu na Madanpura, cikin birnin Banaras, ya san gidajen nan biyu, katanga ɗaya ta raba su, amma ko gaisuwar kirki ba sa yi. Gidan Ustad suna ganin marina ƙazamai ne. Gidan Siraj marini kuwa, mahaifin Nikhat, suna ganin makaɗa 'yan wuta ne.

Nikhat ba ta da uwa, kakarta Dadi ce ta raine ta. Tun tana yarinya aikinta hawa soro shanyar zare, a nan kunnenta ya saba da gogen maƙwabta. Ita kanta ba ta san lokacin da abin ya fara ba. In aka kaɗa Todi da safe, sai ta ji zuciyarta ta yi laushi, hannunta ya nufi ruwan hoda mai duhu-duhu. In Yaman ce da almuru, sai ta ji kamar an kunna fitila a cikinta, washegari duk abin da ta rina sai ya fito ruwan zuma. Masaƙan Banaras har daga wasu unguwanni suke zuwa neman zaren gidan Siraj, ba wanda ya san daga ina launukan suke fitowa.

Wajahat ne ya fara ganewa.

"Ke ɓarauniya ce," ya ce mata wata rana ta saman katanga.

"Ni? Me na satar maka?"

"Abin da na kaɗa jiya ga shi nan rataye a igiyarki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar suka ɗinke.

Akwai wata safiya da har yau in Nikhat ta tuna sai ta yi murmushi ko tana cikin kuka. Mai tallar mayafai ya shigo gida, Dadi na zaune tana tauna ganyen pan, goron mutanen nan, ita da rabonta da sa wani abu ban da fari da ruwan toka tun rasuwar mijinta. Wajahat ya leƙo ya raɗa wa Nikhat:

"Ki zuba ido, yau tsohuwar nan rawaya za ta ɗauka."

"Dadi? Ka yi hauka!"

Ya koma ya saki Basant, kiɗan lokacin furanni, mai sa jini tsalle. Dadi ta fara tsaki tana tsine wa makaɗa, ƙafarta kuwa na bubbuga ƙasa ba ta sani ba. Ta ɗaga fari ta ajiye. Ta ɗaga ruwan toka ta ajiye. Can sai ga hannunta a kan wani rawaya shar kamar furen mustad.

"Dadi, biki za ki?" Nikhat ta tambaya tana danne dariya.

"Ke tafi can, marar kunya! Arha ne da shi."

Irin ranakun da suka yi ke nan, kafin Rukhsar ta hau da Ustad soro.

* * *

Bayan korar, Wajahat ya kama ɗaki a wurin wani abokinsa masaƙi, ya wanke jiki, ya zo ya durƙusa gaban Siraj.

Siraj ya daɗe yana jan carbi.

"Ubanka ya zagi 'yata a gaban duniya."

"Na sani, Chacha. Shi ya sa na baro shi," ya ce, yana kiransa baffa da yarensu.

"Kana da kunya, ban taɓa jin an ce ka yi abin assha ba. Amma ba zan ba makaɗi 'yata ba. Ba zan ci abincin da aka saya da kuɗin goge ba, jikokina ma haka."

"To me zan yi?"

"Ka bar shi. Har abada. Ka shigo marina in koya maka sana'a. In ka yi haƙuri zuwa bayan damina, na ba ka ita."

Nikhat na bayan labule, ta cusa mayafi a baki. So take ta ƙwala ihu ta ce kar ka yarda. So take kuma ya yarda.

"Na yarda," in ji Wajahat.

Da yamma ta tare shi a zaure, hawaye sun wanke mata fuska.

"Me ka aikata haka?"

"Na zaɓi raina."

"Kiɗa ne ranka!"

"Ke ce." Ya yi murmushi. "Haba masoyiyata, kuka kuma? Ango fa kika samu, har da ɗan aiki a kyauta."

Ta yi dariya cikin kukan, ta kai masa duka da gefen mayafi.

A makon nan Ustad ya sa magina suka ɗaga katangar soro har ta fi tsayin mutum.

Wajahat ya shiga aiki ba ƙyuya. Shi ne hura wuta, shi ne dafa zare a ruwan soda, shi ne matsa, shi ne ɗauraya. Siraj har yabonsa yake a masallaci. Amma mai sarangi ba da tafin yatsa yake danna tsirkiya ba, da fatar saman farce yake gogawa, sai an yi shekaru ana jini kafin wurin ya yi kanta. Ruwan zafi da soda suka cinye kantar nan tas. Yatsunsa suka yi laushi, suka tsattsage, suka rine.

Bai taɓa yin ƙorafi ba.

Sai dai dariyarsa ta ragu. Abincinsa ya ragu. In ana hira sai a ga ya yi shiru ya karkata kai, kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

Ita ma Nikhat abin ya fara taɓa ta. Soro ya yi tsit, ba abin da take ji sai ƙarar masaƙa da kukan hankaki. Ta haɗa ja, ya fito kamar tsohon bulo. Ta haɗa kore, ya fito kamar gansakuka. Wani masaƙi ya dawo da zare yana mita:

"Siraj Bhai, wannan na amarya ne ko na zaman makoki?"

Da can ba ta da abin so kamar tsanwa irin ta gashin aku. Yanzu in ta buɗe akwati sai ta ji tsanwar na sukar mata ido. Ta koma sa ruwan toka da shuɗi mai duhu. Dadi ta dube ta ta girgiza kai.

"Ni da na binne miji ina yawo da rawaya, ke da za ki shiga ɗaki kin zama kamar toka. Wane irin aure ne wannan?"

Damina ta sauka. Ranar ruwan farko yara suka fito lungu suna tsalle, mata suka ɗora soye-soye. Ba a ji goge daga ko'ina ba, don an ce Ustad ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar. Wajahat ya ruga ƙofar gidansu cikin ruwan. Mahaifiyarsa Bilkis Begum ta leƙo tana kuka.

"Ya ce kar a bar ka ka shigo, ɗana..."

Ya dawo jiƙe sharkaf.

Nikhat ta hau soro kwashe zare, sai ta same shi tsaye ya jingina da doguwar katangar nan, idanunsa a rufe. Ya rungume gorar shanya a kafaɗa. Yatsunsa na hagu na hawa da sauka a jikinta, hannun dama na jan iska.

Bai san ta zo ba.

Ta sauka a hankali, ta shige ɗaki ta kifa kai a gwiwa.

* * *

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga Rukhsar ta yi sallama. Siraj da Wajahat sun tafi sayo itace. Ta tsaya a tsakar gida tana tattare bakin wandonta kada ruwan rini ya taɓa shi.

"Saƙo aka ba ni," ta ce.

"Ki faɗa ki tafi."

"Fufa ne. Bakinsa ya ɗan buɗe jiya. Likita ya ce ba lallai ya ga ƙarshen damina ba."

Nikhat ta zuba mata ido.

"Yana neman ɗansa. Akwai abin da bai gama ba shi ba, abin da ya karɓa daga ubansa, shi ma daga nasa uban. In ya tafi da shi, shi ke nan, gidan ya mutu."

"To ai sai ki gaya wa Wajahat."

"Da sharaɗi." Rukhsar ta kalle ta ido cikin ido. "Ya ce ya dawo shi kaɗai. Ya ce in da ke, ko gawarsa kar ya taɓa."



"Kin san ba zai yarda ba in ni na faɗa masa," Rukhsar ta ci gaba. "Taurin kansa irin na ubansa ne. Ke kaɗai yake ji."

"Ke kika jawo duk wannan! Ke kika hau da shi soro!"

"Ni ce. Ban musa ba. Tun ina 'yar ƙarama nake riƙe masa tambura, garayar rakiya, yana koyo, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ki kira ni duk abin da kika ga dama." Muryarta ta karye, ta yi saurin gyarawa. "Amma ni ban kashe shi ba. Kin ga hannunsa kuwa? Kin ga idonsa? Mutumin da in ya ja baka tsofaffi ke kuka, shi kika mayar mai wankin zare. In wannan ce soyayya, Allah ya raba ni da ita."

Ta juya ta fita.

Nikhat ta zame ta zauna a ƙasa, cikin ruwan rinin. Da ƙarya Rukhsar ta faɗa a kan hannun da idon, da ta tashi ta bi ta da zagi.

Da la'asar ta ce wa Wajahat ya raka ta bakin kogin Ganga. Kogin ya cika ya haɗiye rabin matakalun da ake sauka cikinsa, ruwan ja-ja da laka. Suka zauna nesa da juna kaɗan. Ya sayo shayi a kofin yumɓu ya miƙa mata, ta riƙe ba ta sha ba.

"Ba ni hannunka in gani."

"Mene ne abin gani? Hannun marini ne, irin naki."

Ta kalli yatsun. Ta kau da kai.

"Abbanka yana nemanka."

Ya zabura.

"Wa ya ce?"

"Rukhsar ta zo. Ya ce ka dawo... kai kaɗai."

Ya koma ya zauna.

"To ba zan je ba."

"Za ka je."

"Nikhat..."

"Na fasa, Wajahat. Ba zan aure ka ba."

Ya yi wata 'yar dariya.

"Ki daina irin wannan wasan, raina."

"Dube ni da kyau. Na yi kama da mai wasa?"

Ya dube ta. Dariyar ta gudu.

"Me na yi miki? Na bar gida, na bar uba, na bar..."

"Shi ne abin da ka yi min!" Kukan da take riƙewa ya ɓalle. "Na gan ka rannan a soro da gora a kafaɗa! Kana tsammani ban sani ba? Kullum kana mutuwa kaɗan-kaɗan a gabana, kana min murmushi! Ni ma ina bin ka. Ba na ganin komai yanzu, Wajahat, duniyar duk ta zama toka..."

"Zai wuce. Za mu saba."

"Ba na so mu saba! Ranar da aka ce Abbanka ya rasu ba ka gan shi ba, da wane ido za ka dube ni? Yau ba za ka ce komai ba. Baɗi ma haka. Amma wata rana za ka dube ni ka tuna."

"Wallahi ba zan taɓa..."

"Kar ka rantse."

Ya kama kansa da hannu biyu.

"Ki ce ba kya sona, sai in tafi."

"Ba zan faɗa ba, don ƙarya ce." Ta ajiye kofin ta miƙe. "Ina sonka fiye da idona. Ka tashi ka je wurin ubanka."

"Nikhat! Masoyiyata, ki tsaya..."

Ba ta waiwaya ba. Ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

* * *

Ya je. Amma kafin ya isa ciwon ya sake bugun tsohon, bakin ya rufe gaba ɗaya.

Waɗanda suke ɗakin sun ce da Ustad ya ga ɗansa sai hawaye suka zubo masa ta ido ɗaya. Ya yi ta kallon bayan Wajahat, wajen ƙofa, yana wani gurnani. Aka kawo ruwa, ya kau da kai. Aka kawo sarangi, ya lumshe ido. Wajahat ya zauna a gefen gado ya kaɗa, fatar yatsunsa ta fashe, jini ya bi tsirkiya, bai tsaya ba. Tsohon na nuna masa hanya da yatsa ɗaya na hannun da ya rage, sama, ƙasa, tsaya. A haka ya karɓi abin da ya samu. Sauran ya tafi da mai shi.

Nikhat na jin komai ta bayan katanga. Todi ce, da safe, a lokacinta. Ta zauna a ƙasan igiyoyin shanya ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Ustad bai ga ƙarshen damina ba.

Bayan arba'in Wajahat ya aiko abokinsa masaƙi ya tambaye ta ko ta sauya shawara. Ta ce a gaya masa wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce. Ya sake aikowa, ta ƙi fitowa. Mahaifiyarsa kuwa kullum kuka take masa, tana cewa burin ubansa ke nan ya ga gidan ya haɗu. Da sanyi ya shigo aka ɗaura aurensa da Rukhsar, ba kiɗa ba taro. Wata makarantar kiɗa a Kalkata ta ɗauke shi, suka tafi.

Nikhat ta ci gaba da aiki. Ja da rawaya da kore ta bar wa mahaifinta. Ita ta riƙe baba da baƙi, kuma duk Madanpura ba mai fitar da su kamarta. Masu neman aure suka zo, ta ce a ba su haƙuri. Siraj bai matsa mata ba. Shi ma ya yi sanyi, in ya dube ta sai ya sunkuyar da kai.

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta.

Wata ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama. Wata tsohuwa ce cikin baƙin lulluɓi. Da ta yaye fuska sai Nikhat ta ga Bilkis Begum, wadda tunda aka kawo ta lungun amarya ba ta taɓa taka gidan marina ba. Ta rame ƙwarai.

Dadi ta shimfiɗa mata tabarma tana harararta. Siraj ya tsaya daga bakin murhu.

"Daga Kalkata nake, Beti," ta ce, wato 'yata. "Rukhsar ta sauka. Namiji."

"Allah ya raya," in ji Nikhat.

"Amin..." Ta murza bakin lulluɓi. "Sunan Wajahat ya yi nisa can. Manyan mutane ke cika zaure don su ji shi. Amma ba ya kaɗa komai sai Marwa, kiɗan faɗuwar rana, mai sa mutum ya ji kamar ya yi rashi. In an roƙe shi na farin ciki sai ya ce hannunsa ba ya zuwa. Na ɗinka masa riga ruwan zinariya ta suna, ya ce in ba wani. Daga toka sai toka. Ba ya faɗa da matarsa, ba ya hira da ita. Ɗana yana nan kamar ba ya nan."



"Ba wannan ya kawo ni ba." Tsohuwar ta fashe da kuka. "Ina ɗakin ranar da Ustad ya ba da saƙon. Da kunnena na ji. Cewa ya yi, ku kira min yaron nan... ku ce ya zo da yarinyar. Ya ce yarinyar da ke jin raga har ta gan ta da ido, ba bare ba ce a gidana. Ya ce na zalunce ta, ina so in roƙe ta gafara."

Sandar da ke hannun Siraj ta faɗi.

"Rukhsar ta ce ita za ta kai. Da ta dawo ta gaya min abin da ta faɗa miki, na yi shiru. 'Yar ƙanina ce, ni na raine ta... na ce ai in an yi aure zai manta. Ƙofar da yake ta kallo, Beti, ke yake nema. Ina tsaye ina gani, na yi shiru!"

Dadi ta dafe ƙirji tana salati.

Nikhat ta tuna bakin kogi, da muryarsa yana ce mata ta tsaya.

"Gobe zan koma," in ji Bilkis Begum tana share fuska. "Zan gaya wa Wajahat komai. Ya saki Rukhsar, ya zo ya ɗauke ki. Ba zan shiga kabari da wannan ba."

"Ni ma na janye sharaɗina," Siraj ya ce da wata murya da ba a san shi da ita ba. "Ya zo da gogensa. Ya kaɗa a tsakar gidan nan in ya so."

Kowa ya zuba wa Nikhat ido.

Ta dubi tsohuwar.

"Wane suna aka sa wa yaron?"

"Basharat... sunan kakansa."

Ta gyaɗa kai. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kar ki gaya masa, Khala," ta ce, ta kira ta inna da yarensu.

"Beti!"

"Yanzu yana ganin ya cika wa ubansa buri, da wannan yake tsaye. In ya ji ubansa ya mutu yana kiran sunana, shi kuma yana zaune a gefen gado bai gane ba... ba zai sake ɗaga baka ba. Na san shi. Kuma zai dubi yaron nan ya ga ƙaryar uwarsa. Jariri bai yi wa kowa komai ba."

"To ke fa? Ke fa, 'yar nan?" Dadi ta ce cikin kuka.

"Ni na ji abin da nake son ji. Ustad Sahab bai tafi yana ƙina ba." Ta juya ga tsohuwar. "Ya ce yana neman gafarata?"

"Haka ya ce."

"Na yafe masa. Ki nuna min kabarinsa in je in faɗa masa da bakina."

"Ni fa?" Bilkis Begum ta kamo hannayenta masu shuɗi ta manna a fuskarta. "Ni fa, Beti?"

Nikhat ta dube ta. Ta zare hannayenta a hankali.

"Ke ki ba ni lokaci."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko lulluɓinta. Siraj ya sa takalmi ya ce zai raka su, ta girgiza kai.

Su biyu suka fita, tsohuwar a gaba tana jan ƙafa, Nikhat a bayanta. A bakin lungu ta tsaya wurin mai furanni. Ya tura mata jajayen wardi da rawayan furanni yana yabon kayansa.

"Ba ni farare," ta ce.

Ya ƙunsa mata a ganye, suka kama hanyar maƙabarta.